Iskar lungunku daban, ta filin jirgi daban

Zafi ya matso, tambayar da ake ta turo min ita ce: me ya sa kajina ke haki, na maƙwabcina kuwa lafiya lau? Sau da yawa amsar tana wajen iska.

A makaranta an koya mana cewa iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma, hadari kuma ya taso daga gabas. Gaskiya ne, amma fa a fili. Hukumar NiMet tana awo a filin jirgin Malam Aminu Kano, inda babu abin da ke tare iska, kuma ƙa'ida a ɗaga na'urar mita 10 daga ƙasa. Kajinka kuwa a ƙasa suke, bayan katanga.

Mu nan Ƙofar Mazugal, tsakaninmu da filin jirgin 'yan kilomitoci ne, amma iskar ba ɗaya ba ce. In ta shigo gari, lungu ne ke juya ta. A matsattsen lungu sai ta ƙara gudu, a bayan bene kuma ta mutu murus. Shi ya sa mai keji a saman bene yake yaƙi da sanyi a Janairu, na tsakar gida kuma zafin Afrilu ya kashe masa buroila ana gobe kasuwa. Babbar buroila ta fi son maki 18 zuwa 24, Kano kuwa takan kai 40.

To kafin ka sayi bulo ko ɗaya, yi wannan. Ɗaura tsumma a sanda daidai tsayin tagar da za ka yi. Duba shi da asuba, azahar da dare, har mako guda. Inda ya fi kaɗawa, nan za ka sa raga. Tsawon ɗakin ya miƙa gabas da yamma saboda rana, faɗinsa kada ya wuce mita 9. Tamfol ɗin hunturu a sa shi ta ɓangaren da tsumman ya nuna, kada a rufe ko'ina ruf, warin kashi ke jawo musu mura.

Masu tarwaɗa, ku ma ku lura: iska na tura abinci mai yawo gefe guda, manya su cinye, ƙanana su kwana da yunwa. Ku zuba ta inda take fitowa.

Allah ya sa albarka a kiwo.