Yaya ake murza alminiyum ya zama kwanon rufi?

Murzar alminiyum, ƙarfen da ake kira goran-ruwa, ita ce matse curinsa tsakanin manyan naɗe-naɗen ƙarfe masu juyawa har ya baje. Ana fara gasa curin zuwa zafin digiri 500 ko kusa da haka, ƙasa da 660 inda yake narkewa, sannan a yi ta kai shi ana dawo da shi tsakanin naɗe-naɗen. Bayan ya huce sai a sake murza shi, wanda ke ƙara masa tauri da sulɓi. Mai kaurin da ya haura milimita 6 shi ne faranti, siririn kuwa falle.

Fallen ne magina ke saye a Sabon Garin Zariya don rufi, gwanda shi da kwanon baƙin ƙarfe tunda ba ya tsatsa.