Wasiƙar Mai Neman Babban Muƙami

Bahaushe tun yana gaban malaminsa da allo aka cusa masa cewa yabon kai jahilci ne, kuma malaman hadisi sun ruwaito gargaɗin da aka yi wa Abdurrahman ɗan Samura a kan roƙon shugabanci. Saboda haka idan jarida ta buga sanarwa ana neman manajan darakta, ko shugaban jami'a wanda zai riƙe kujera shekara 5 ba ƙari, sai ka tarar da dattijon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa cikin aiki da amana ya zauna da alƙalami a hannu, kunya ta hana shi faɗin abin da ya iya. Alhali kuwa malaman tafsiri sun daɗe da warware wannan mas'ala daga ƙissar Annabi Yusufu, alaihissalam, wanda ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kafa hujja da siffa biyu kacal, tsare amana da sanin aiki. Suka ce ya halatta mutum ya bayyana cancantarsa ga wanda bai san shi ba, matuƙar gaskiya ce, kuma akwai maslaha.

Takardar farko da mai neman muƙami zai gabatar ita ce wadda ma'aikata ke kira si-bi, taƙaitaccen tarihin aikin mutum, wanda ake farawa da muƙaminsa na yanzu a gangaro baya. Yaron da ya gama hidimar ƙasa ba shi da abin nunawa sai takardun shaida, amma wanda ke neman jan ragamar kamfani, 'yan majalisar daraktoci ba su damu da jerin nauyin da aka taɓa ɗora masa ba, domin kowane shugaban sashe da nasa. Abin da suke bincike shi ne halin da ya tarar da wuri da halin da ya bar shi, mutum nawa suka yi aiki a ƙarƙashinsa, kasafin nawa ya juya, bashin nawa ya rage, duk da alƙaluman da za su tabbata in an bi sawu. Shafi biyu sun wadatar, in ban da aikin jami'a inda ake lissafa wallafe-wallafe. Al'adu kuma sun bambanta: a Amurka ba a sa hoto ko shekarun haihuwa, tun da dokar 1967 ta hana nuna wa ɗan shekara 40 zuwa sama bambanci, a Nijeriya kuwa mai neman aikin gwamnatin tarayya sai ya ambaci jiharsa, saboda tsarin mulkin 1999 ya wajabta daidaita rabon muƙamai.

Wasiƙar da ke rakiyar si-bi, a ganina, nan ake gane balagar mutum. Wajen 1482 Leonardo da Vinci ya rubuta wa Ludovico Sforza, mai mulkin birnin Milan a Italiya, yana neman aiki, kuma da yake ya san sarkin ma'abucin yaƙi ne, sai ya jera gadojin da ake ɗauka a tafi da su, da igwa, da dabarun rushe ganuwa, bai taɓo zane ba sai can ƙarshe, shi da duniya ta sani da zane! Haka ya kamata wasiƙar ta kasance, shafi ɗaya, ta ambaci damuwar ma'aikatar tukuna, sannan ta nuna inda marubucin ya taɓa maganin irinta. Mai aika wasiƙa iri ɗaya wurare goma, yana sauya suna kawai, da wuya ya yaudari kowa.

Saura masu ba da shaida, waɗanda galibi uku ake nema, matsayinsu kamar na ijazar da shehi ke ba almajirinsa. Ya kai mai karatu, kada ka rubuta sunan mutum sai ka nemi izininsa, ka kuma aika masa da kofin abin da ka rubuta, domin za a buga masa waya.