Kyandir Huɗu Kafin Kirsimeti

Da zarar Nuwamba ta doshi ƙarewa, hunturu ya fara fasa leɓe, kasuwa takan riga kowa shiga Kirsimeti. Teloli sun fara ƙin karɓar sabon ɗinki, kuɗin kaji da shinkafa ya fara hawa, direbobi suna lissafin ribar masu tafiya gida. Amma wanda ya leƙa ɗakin sujada na makarantar Katolika a wannan lokaci zai tarar da akasin haka. Fada ya sa riga mai launin shunayya, an rage furannin da ke gaban bagade, an kuma ajiye waƙar ɗaukaka da aka saba rerawa ranar Lahadi, sai daren Kirsimeti za ta dawo. A gaba ga wani zobe na ɗanyen ganye da kyandir huɗu a jikinsa, guda ɗaya tak ke ci.

Wannan shi ne Adbent. Kalmar daga Latin take, ma'anarta zuwa ko isowa. Yana farawa Lahadi ta huɗu kafin 25 ga Disamba, wato tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, kuma da shi sabuwar shekarar ibada ta Katolika ke kamawa. Jira biyu ake haɗawa a cikinsa: tuna jiran da aka yi kafin haihuwar Yesu Almasihu, da sauraron dawowarsa a ƙarshen zamani. Saboda haka karatun makonnin yake yawan ɗauko annabi Ishaya, da Yohanna Mai Baftisma, sannan Maryamu idan an matso ƙarshe.

Zoben kyandir ɗin kuwa, asalinsa ma daga wurin yara ya fito, kuma ba Katolika ne suka ƙago shi ba. Wani malamin cocin Lutheran a birnin Hambog na Jamus, Johann Hinrich Wichern, yana riƙe da gidan renon yaran talakawa. Kullum sai sun dame shi da tambayar saura kwana nawa Kirsimeti. A 1839 ya samo tsohuwar ƙafar keken doki, ya jera mata ƙananan kyandirori na ranakun mako da manya huɗu na ranakun Lahadi, ana kunna ɗaya kowace rana. Daga baya aka bar huɗun kaɗai, al'adar ta shiga cocin Katolika, ta zaga duniya. Uku shunayya ne, ɗaya ruwan hoda, shi ake kunnawa Lahadi ta uku don a ɗan sarara, a yi murnar cewa an ci fiye da rabin hanya.

Abin da ake son koya wa yaro da wannan ƙidaya, Kiristocin da ke ibada da Hausa suna kiransa bege. Wanda ya zaɓi kalmar nan ya san Hausa. Da ya so, da sai ya ce fata, ko sa rai. Amma fata abu ne mai arha, kowa na yi wa kowa fatan alheri a bakin hanya ya wuce abinsa. Bege kuwa sai da wanda ake ƙauna, kuma ba ya kusa. Amarya tana begen gida, uwa tana begen ɗanta da ya tafi ci-rani, Musulmi ma ya san daɗin kalmar daga bakin masu begen Annabi. Mai bege ba ya zama hannu rabbana: yana share ɗaki, yana leƙen hanya, yana ajiye wa mai zuwa rabonsa. A ganina nan ne darasin yake da amfani ga ɗan makaranta na yau, wanda waya ta saba masa da samun komai da taɓawa ɗaya. Ga kyandir uku a gabansa, ga ashana, an ce masa sai mako mai zuwa.

Addu'ar lokacin ba wata mai wahala ba ce. A taron safe wani aji yakan kunna kyandir na makon, a karanta ɗan gajeren nassi, a yi roƙo domin iyaye, marasa lafiya, matafiya da zaman lafiyar ƙasa. Akan ware rana Fada ya zo da abokan aikinsa, ɗaliban da ke Katolika su je furta zunubi ɗaya bayan ɗaya. Akan kuma gina ɗan kwaikwayon sakarkarin da aka haifi Yesu, al'adar da ake dangantawa da Waliyyi Faransis na Asisi, wanda ya shirya irinsa a ƙauyen Greccio na Italiya a 1223. Yara sukan jera makiyaya da tumaki da jaki, amma a bar kwamin babu jariri. Duk wannan yana faɗowa ne daidai lokacin jarrabawar zangon farko, don haka kada a yi mamaki idan addu'ar wasu ta fi karkata ga lissafi.

Sadaka ita ce ɓangaren da ya fi fitowa fili, kuma ita ce ta fi buƙatar a yi mata magana. Lokacin kaka ne, abinci ya shigo gida. Akan ajiye buhu ko kwali a kowane aji: wannan ya kawo mudun masara, wancan sabulu, wata ta kawo rigar sanyin da ta yi mata kaɗan. Kafin hutu a kai gidan marayu, ko asibiti, ko gidan yari, ko sansanin waɗanda rikici ya raba da garuruwansu. Wannan aiki na ɗalibai yana da tarihi. Ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul, wadda ake samu a majami'un Katolika da yawa a Najeriya, ɗaliban jami'a ne suka kafa ta a Paris a 1833, jagoransu Frédéric Ozanam yana ɗan shekara ashirin. An goranta musu cewa cocinsu ba ta tsinana wa talaka komai, sai suka fara kai itacen hura wuta da burodi gida-gida. Ƙa'idarsu ita ce a taka a je, a zauna, a ji damuwar mutum. Zumunci dai a ƙafa yake.

Inda abin ke lalacewa shi ne idan sadaka ta koma haraji. An rubuta wa iyaye takarda, an yanka wa kowane yaro abin da zai kawo, ana kiran suna a gaban aji. Alhali a cikin ajin nan akwai wanda ubansa bai gama biyan kuɗin makaranta ba, wanda da za a bi gaskiya, shi ya kamata a kai wa buhun. Haka nan jera marayu a rana, a ɗora musu katan ɗin taliya a ka don a ɗauki hoton Facebook. Ranar 6 ga Disamba, a tsakiyar wannan lokaci, coci take tuna Waliyyi Nikolas, bishop na Mira a ƙasar Turkiyya ta yau. Labarin da aka fi saninsa da shi shi ne ya jefa kuɗin aurar da 'yan mata uku ta taga cikin dare, don kada mahaifinsu ya ji kunya. Malamin da ya ba yara wannan labari da safe, bai kamata ya kira mai hoto da rana ba.

A Arewa makarantun Katolika ba na Kiristoci kaɗai ba ne, tun asali. Sistocin St. Louis sun iso Kano a 1948. Kwalejin Rimi ta Kaduna a da St. John's ce, Kwalejin Sarauniya Amina kuma Queen of Apostles, kafin gwamnati ta karɓe su a shekarun 1970. Musulmi da yawa sun yi karatu a irinsu, har yau ma suna yi. Ɗalibi Musulmi ba ya cikin ibadar, kuma bai dace a tilasta masa ba, amma buhun sadaka ba baƙon abu ba ne a wurin wanda ya tashi yana ganin ana fitar da zakkar kono. Shi ne kuma zai ci shinkafar Kirsimeti a gidan abokinsa, ya rama da naman layya.

Yawancin makarantu suna yin hutu a tsakiyar Disamba, saboda haka da wuya a kunna kyandir na huɗu a makaranta. Kowa a gidansu yake cika ƙidayar.

A 2025 wata makaranta ba ta samu kunna ko na farko ba. Ranar 21 ga Nuwamba, kwana tara kafin Adbent, 'yan bindiga suka shiga makarantar St. Mary da ke Papiri a ƙaramar hukumar Agwara ta jihar Neja, suka kwashe yara da malamai fiye da ɗari biyu, wasu yaran 'yan firamare ne. Iyaye suka yi ta zarya a harabar makarantar, majami'u a ciki da wajen ƙasa suna addu'a, Paparoma Leo ya yi kira daga Rum a sake su. Wasu yaran sun kuɓuta da kansu tun a kwanakin farko. An sako ɗari a farkon Disamba. Labarin sakin sauran ya fito ranar 21 ga Disamba, wadda ta kama Lahadi ta huɗu.