Zanen Dala Takwas da Aka Taya Dala 135,805

A ƙarshen watan Afrilun 2000 wani mutum ya sa zane a gwanjon eBay, ya buɗe tayi a kan santi 25, wato rubu'in dala ɗaya. Zanen babba ne, na launin ruwan lemo da kore, irin wanda ba a gane mutum ko bishiya ko gida a cikinsa, sai launuka da suka hau juna. Sunan da mai kayan ya yi amfani da shi a shafin shi ne golfpoorly, kuma bayanin da ya rubuta irin na mutumin da bai san komai game da zane ba ne. Ya ce tun yana gwauro ya saye shi a garin Berkeley na jihar California, a wani gida da ake sayar da tsofaffin kaya a bakin gareji. Ya ce matarsa ta hana shi rataye shi a gida, wai ya yi kama da aikin mai taɓin hankali. Ya ƙara da cewa ɗansa ya huda shi da keken wasansa na roba, don haka duk mai so ya san kayan yana da aibi.

Ya sa hotuna, ɗaya daga cikinsu an matso da kyamara kusa da hujin domin mai saye ya ga ɓarnar da idonsa. A gefen hoton, can ƙasa a kusurwa, akwai ɗan rubutu: RD52. Mai kayan bai ce uffan a kansa ba.

Duk wanda ya san harkar zane a Amurka ya san waɗannan haruffa. Richard Diebenkorn yana cikin manyan masu zanen ƙasar a ƙarni na ashirin. Ya yi shekaru a Berkeley, a can kuma ya rasu a 1993, kuma al'adarsa ce ya sa harufan farko na sunansa da shekarar aikin a kusurwar zane. A lokacin ayyukansa sukan kai miliyoyin dala. Masu leƙen gwanjo suka ga rubutun, kowa ya haɗiyi yawu ya yi shiru, yana ganin Allah ya kashe ya ba shi: ga dukiya a hannun wanda bai san darajarta ba.

Tayi ya fara hawa. Daga santi ya koma ɗaruruwa, daga ɗaruruwa ya koma dubbai. Masu tambaya suka yi ta aiko wa mai kayan saƙo, shi kuwa ya ci gaba da nuna mamaki, yana cewa shi dai bai ce zanen na kowa ba ne, kowa ya duba ya yanke wa kansa hukunci. Da kwana goma suka cika a watan Mayu, wani mutumin ƙasar Holan mai harkar manhajar kwamfuta ne ya yi tayi mafi tsoka, dala 135,805. Labarin ya hau shafin farko na jaridar New York Times.

Fitowar labarin a jarida ita ce ta tona asiri. Mai kayan dai Kenneth Walton ne, lauya a birnin Sacramento. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, bare keken da zai huda zane. Bai sayi zanen a Berkeley ba. A wani shagon tarkace ya tsince shi a kudancin California a kan dala takwas. Haruffan RD52 kuwa shi ya rubuta su da hannunsa, kamar yadda ya amsa daga baya.

Ba shi kaɗai ba ne. Yana da aboki, Kenneth Fetterman, wanda suka san juna tun suna soja, kuma shi ya koya masa sana'ar yawo shagunan tsofaffin kaya ana sayen zane da araha ana kai shi eBay. Na ukunsu Scott Beach ne daga jihar Colorado. Tun daga 1998 suke wannan aiki, kuma abin da ya riƙe sana'ar tasu shi ne tayin ƙarya. Sun buɗe sunaye fiye da 40 a shafin. Idan ɗaya ya kasa kaya, sauran sai su shigo da waɗannan sunaye su yi ta taya, ba don suna so su saya ba, sai don farashi ya ɗaga. Wasu sunayen an zaɓe su ne don su yi kama da na masana zane ko dillalansa, yadda baƙo zai ga masana na rububi ya ce lalle akwai magana a nan.

Tsarin gwanjon kansa ya taimake su. A eBay mai saye yakan rubuta iyakar abin da zai iya biya, kwamfuta ta ɓoye wannan adadi, ta riƙa taya masa kaɗan-kaɗan duk lokacin da wani ya wuce shi. Idan ba mai takara, zai iya samun kayan ƙasa da iyakarsa nesa ba kusa ba. Amma idan mai kaya ya shigo da wani suna ya yi ta ƙarawa, sai kwamfutar mai saye ta yi ta binsa a baya har ta kai shi ƙarshen aljihunsa, alhali shi kaɗai ne mai saye na gaske a wurin. Haka nan shaidar da masu ciniki ke rubuta wa juna bayan kowace mu'amala, wadda eBay ta ƙirƙiro a 1996 don mutane su san wa za su amince wa, ita ma sun mayar da ita abin wasa: wannan suna ya yabi wancan, wancan ya yabi wannan, duk kuwa mutum uku ne a bayan labule.

Wanda ya yi karatun fiƙihu ko kaɗan zai gane wannan dabara da sunanta. Ita ce najashu, wato mutum ya ƙara wa kaya tayi ba da niyyar saye ba, don ya ruɗi wani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ta, kuma malaman Malikiyya sun ba wanda aka yi wa ita zaɓi, in dai da sanin mai kaya aka yi: ko ya riƙe kayan ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Wanda ya saba shiga kara ranar kasuwa ma ya san yaran dillali da kan kewaye saniya suna ɗaga murya da tayi don baƙo ya ji. Bambancin kawai shi ne a kara za ka iya kallon fuskar mai tayi, ka tambayi na kusa da kai ko ɗan wane ne. A intanet mutum ɗaya na iya zama taron mutum arba'in yana zaune a ɗakinsa.

Cikin 'yan kwanaki eBay ta gano cewa Walton ya taya kayansa da wani suna, ta soke cinikin, ta dakatar da shi. Mutumin Holan ya tsira, kuma abu ɗaya ne ya tserar da shi: kuɗinsa ba su riga sun bar hannunsa ba. Da ya aika, da ya sha wuya, domin inshorar da eBay ke ba wanda aka damfara a wancan zamani ba ta wuce dala 200 ba, a ciki ma ana cire 25. Matsayin kamfanin a lokacin shi ne cewa shi fili kawai ya bayar, ciniki kuwa tsakanin mai saye da mai sayarwa ne. Mafi yawan mutane da cek ko takardar kuɗi ta gidan waya suke biya, su zauna jiran kaya. Idan abin da ya iso ba shi ne aka gani a hoto ba, sai dai su rubuta mummunar shaida su rungumi ƙaddara.

'Yan jarida da wasu masu sa ido a cikin masu amfani da shafin suka bi tarihin taye-tayen baya, suka ga sunaye iri ɗaya suna ta zagayawa a gwanjon juna. Hukumar FBI ta shigo. A watan Maris na 2001 masu gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya a Sacramento suka tuhumi mutanen uku da zamba a ɗaruruwan gwanjo, ciki har da sayar da zane-zanen da aka sa musu sa hannun bogi na wasu mashahuran masu zane. Wannan ce shari'a ta farko irinta a kan tayin ƙarya a gwanjon intanet a Amurka. Walton da Beach suka amsa laifi, suka ba masu bincike haɗin kai. Fetterman ya gudu, ya yi kusan shekara biyu yana ɓuya, sai a farkon 2003 aka kama shi a Wichita ta jihar Kansas. A 2004 aka yanke masa ɗaurin wata 46. Walton bai shiga kurkuku ba, an yi masa ɗaurin talala, aka umarce shi ya biya waɗanda ya cuta, kuma ya rasa lasisinsa na lauya. A 2006 ya fitar da littafi mai suna Fake, inda ya ba da labarin abin da ya aikata da bakinsa. Waɗanda suka sayi zanen bogi a hannunsu tun farko sai da suka jira shekaru kafin kotu ta yi maganar haƙƙinsu.

Irin waɗannan shari'o'i na cikin abin da ya tilasta wa kasuwannin intanet su daina cewa babu ruwansu. A 2002 eBay ta sayi PayPal a kan kusan dala biliyan ɗaya da rabi, biyan kuɗi ya koma ƙarƙashin idonta. Sannu a hankali aka gina tsarin da ake bi yau: mai saye ya shigar da ƙorafi cikin wa'adi, a ba ɓangarorin biyu dama su sasanta, in sun kasa kamfani ya duba hotuna da lambar bibiyar kaya da saƙonnin da suka yi a cikin shafin, ya yanke hukunci, ya mayar da kuɗi in ya kama. Rigingimun da ake warwarewa ta wannan hanya a eBay da PayPal sun taɓa kaiwa kimanin miliyan 60 a shekara, mafi yawansu ba tare da wani ma'aikaci ya sa baki ba. Aikin da dillali amintacce da shaidu ke yi a kasuwar gargajiya ne aka sake ginawa da kwamfuta, bayan mutane da yawa sun yi asara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda Walton ya kama mutanensa. Ko sau ɗaya bai rubuta sunan Diebenkorn a tallar da ya fara sawa ba. Ya ajiye haruffa biyu da lamba biyu a gefen huji, ya sa rigar wawa, ya bar kowa ya ƙarasa ƙaryar a zuciyarsa. Masu tayi na gaske sun shigo ne suna zaton su za su ci ribar jahilcin wani bawan Allah da matarsa ta hana shi rataye zane. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa, kuma ɗan damfara ya fi kowa sanin inda mabuɗin yake.

Yau cinikinmu ya koma Facebook da WhatsApp da Instagram, inda galibi babu mai riƙe kuɗi a tsakani kuma babu wurin kai ƙara. Ana tura kuɗin atamfa ko waya ga wanda ba a taɓa gani ba saboda hoto da yabon sunayen da ba a san masu su ba, mai kaya shi ma yana sakin kaya a kan alat ɗin bogi. Idan aka ce maka kaya sun faɗi ƙasa warwas don mai su bai san darajarsu ba, ko aka ce ka yi sauri wasu na jira, ka tuna mutum uku da suna arba'in. Mai sayen saniya a kara yakan buɗe bakinta ya duba haƙora, ya sa a zagaya da ita ya ga tafiyarta, sannan ya ƙirga kuɗi a gaban shaidu. Kuɗin da ke aljihunka kai ke da iko da su. Da zarar sun fita, sai roƙo.