Mas'alar Kankana da Madara a Birnin Shehu

A lokacin da watan Maris ya raba tsakiya, Afrilu ya kunno kai, har ma'aunin zafi a birnin Sakkwato ya haura digiri 40, ya zamana mai tafiya a ƙasa yana jin ƙunar kwalta ta cikin takalminsa, to, babu wata ni'ima daga cikin waɗanda Allah Maɗaukaki Ya fitar mana daga fadamar Rima da talaka da basarake suka yi ittifaƙi a kan ƙaunarta kamar kankana. Ana lodo ta daga gonakin rani na wajen Goronyo da Wurno, wata kuma daga nesa, a jibge ta tuli-tuli a kasuwar Ramin Kura da Kasuwar Daji, daga nan masu baro su bi da ita unguwa-unguwa. Matan gida kuwa sun ƙware wajen sarrafa ta ba tare da sun hura wuta ba: a fere ta, a yanka ƙanana, a tsince 'ya'yan, a zuba madara ko kindirmo, a watsa dabinon da aka jiƙa aka cire wa ƙwallo, da gogaggiyar kwakwa, wani lokaci da ayaba ko gwanda, sannan a ajiye kwanon a wuri mai sanyi har a kira sallar magariba. Duk wanda ya yi azumin shekarun nan da Ramadana ya faɗo a tsakiyar bazara ya san matsayin wannan kwano a kan tabarmar buɗa-baki.

Sai dai kuma, kamar yadda kankana ke dawowa kowace shekara, haka maganganu ke dawowa tare da ita, a da daga baki zuwa baki a gidajen suna da majalisun dattawa, a yau kuwa ta saƙon murya a WhatsApp, wanda ba a san mai yin sa ba, ba a san garinsu ba, balle a tambaye shi hujja. Alhali mu mutanen garin da Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello suka bar wa gadon tahaƙiƙi ne, shi Sarkin Musulmi Bello har wallafe-wallafe ya yi a fannin ɗibbu, kuma Suratul Hujurati ta hore mu da mu binciki labari kafin mu yi aiki da shi. Saboda haka ya kamata mu yi wa waɗannan maganganu irin abin da malaman hadisi ke yi wa ruwaya, mu dubi wanda ya kawo ta, mu kuma auna abin da ta ƙunsa.

Mafi shahara a cikinsu ita ce cewa haɗa kankana da madara guba ne, wai suna haɗuwa a ciki su daskare, mutum ya kwanta bai tashi ba. Wannan magana ba ta da asali. Kankana, in an auna ta, kusan kashi 92 cikin 100 nata ruwa ne, sauran kuwa sukari ne kimanin giram 6 a cikin kowane giram 100, da ɗan abin da ya saura na harza da sinadarai masu amfani, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke juyewa ya zama dafi don ya gamu da madara. Batun daskarewa kuwa, wanda shi ne ya fi tsorata mutane, haƙiƙaninsa shi ne madara tana guda-guda a cikin tumbin kowane ɗan Adam, ko ya sha ta da kankana ko ya sha ta ita kaɗai, domin ruwan tsamin da Allah Ya halitta a tumbi ya ninka tsamin kankana nesa ba kusa ba, kuma wannan guda-gudan shi ne matakin farko na narkewarta. Jariri ma da yake tumbuɗi, abin da yake fitarwa ke nan. Amma akwai ɗan ƙwayar gaskiya da ƙaryar ta raɓa da ita, kuma adalci ne a faɗe ta. Da yawa daga cikin manyan mutane cikinsu ba ya iya narkar da sukarin da ke cikin madara, sai su sami kumburi da ƙugi da sakin ciki, haka kuma wanda ya cika cikinsa da kankana fiye da kima, musamman bayan yinin ƙishirwa, yana iya samun irin wannan. Wanda ya san ɗabi'ar cikinsa haka take, sai ya rage, ko ya koma ga kindirmo, wanda ya fi sauƙin narkewa. Tsakanin kumburin ciki da ajali kuwa akwai tazara mai nisa, kuma bai halatta a tsorata al'umma da na biyu alhali na farko ake nufi ba.

Game da haɗa kankana da dabino kuwa, abin ya ma fi ƙarfin a ce babu laifi, domin Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana haɗa wannan ɗan itace da ɗanyen dabino, kuma a ruwayar Abu Dawuda an ambaci hikimar, wato zafin ɗaya ya karya sanyin ɗaya, ko da yake malamai sun yi saɓani a kan ko koriyar ake nufi ko 'yar'uwarta mai ruwan ɗorawa. A nan ma wajibi ne a yi hattara da ji-ta-ji-tar da ke zuwa ta fuskar yabo, domin akan yaɗa wasu falaloli masu yawa na kankana a jingina su ga Annabi, alhali Ibnul Ƙayyim ya bayyana a cikin Zadul Ma'adi cewa babu abin da ya inganta a wannan babi sai wancan hadisi guda. Ƙarya a kan Ma'aiki ta fi ƙarya a kan kankana muni, ko da mai yin ta alheri ya nufa.

Sai maganar allura. Ana cewa wasu miyagu suna ɗura wa kankana jan rini don ta yi kyan gani, wasu ma suka ce jinin masu cutar ƙanjamau ake ɗurawa. Jan kankana halitta ce, daga wani sinadari mai suna laikofin, wanda shi ne dai ya rina tumatir. Kuma duk manomin da ya taɓa ganin kankanar da ƙaya ko tsinin lauje ya huda ya san ba ta kwana nawa a zafin nan sai ta fara tsami ta ruɓe daga wurin hujin, don haka ɗan kasuwar da ya soka wa hajarsa allura hasara ya jawo wa kansa. Rinin ma ba zai watsu ya game tsokar daidai wa daida ba, a wuri guda zai taru. Ƙwayar ƙanjamau kuwa ba ta daɗewa da rai a wajen jikin mutum, kuma ba ta wannan hanya ake ɗaukar ta ba. Abin da ya fi damuna da wannan ƙage shi ne wanda yake faɗa wa, wato bawan Allahn da ya yi wata uku yana ban-ruwa a fadama, da mai baron da jarinsa bai wuce kankana ashirin ba, waɗanda saƙon murya guda kan sa hajarsu ta ruɓe a hannunsu ba da laifin komai ba.

Akwai kuma masu cewa in ka fasa kankana ka ga rami ko tsaga a tsakiyarta, to ka zubar, an yi mata maganin kumbura mai jawo ciwon daji. Tushen wannan labari wani abu ne da ya auku da gaske a shekarar 2011 a lardin Jiyangsu na ƙasar Sin, inda kankana ta yi ta fashewa a gonaki bayan manoma sun fesa wani sinadarin hanzarta girma a makare, ga kuma ruwan sama mai yawa. Amma ramin da muke gani a tamu kankanar, galibi sababinsa ƙarancin barbarar fure ne, idan ƙudan zuma bai kai wa furen isasshiyar ƙura ba, ko kuma sauyin yanayi da rashin daidaiton ban-ruwa, kuma muddin ba ta yi wari ko yauƙi ko kumfa ba, halal ce lafiyayya. Haka nan zancen nunar da ita da kabaid, sinadarin nan na masu walda, bai hau kanta ba, domin kankana ba ta ƙara nuna bayan an tsinke ta daga yaɗonta. Mangwaro da ayaba su ne ake yi wa wannan ha'inci, kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa, saboda haka mai haɗa kwanon 'ya'yan itace, in zai yi tuhuma, to ya tuhumi ayabar da bayanta ya yi rawaya alhali cikinta ɗanye ne. Wanda yake gaskiya ne tsantsa shi ne haɗarin maganin ƙwari idan an yi amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba: a 1985 mutane fiye da 1,000 sun kamu da rashin lafiya a Kalifoniya ta Amurka da maƙwabtanta bayan sun sha kankanar da wani magani mai suna aldikab ya ratsa, irin wanda wanki ba ya fitarwa. Wannan amana ce a wuyan manomi da malamin gona, su kiyaye irin maganin da aka yarda da shi da kwanakin da ake jira tsakanin feshi da tsinka.

Sauran maganganun ba su buƙatar dogon bayani. Haɗiye 'ya'yan kankana kaɗan ba ya jawo ciwon afendis, a Sudan da Masar ma soya su ake yi a ci, sai dai a tsince wa ƙananan yara don gudun shaƙewa. Shan ta da dare ba ya haifar da komai face yawan fitsari, shan ruwa a bayanta kuma ba ya kawo kwalara. Mai ciwon sukari ba a haramta masa yanki matsakaici ba, abin da zai guje wa shi ne tulin sukari da madarar gwangwani mai zaƙi da ake kwarara mata, da yawan dabino. Mai ciwon ƙoda ya nemi fatawar likitansa. Jaririn da bai cika shekara ba kuwa kada a ba shi haɗin da aka sa wa zuma. Abin da ake faɗa na amfaninta ga ma'aurata yana da ɗan tushe, domin tana ɗauke da wani sinadari mai taimakon buɗewar jijiyoyin jini, wanda ya fi yawa a farin da ke jikin ɓawo, amma adadinsa bai kai a kira shi magani ba.

Inda haɗarin yake da gaske, wanda kuma ban taɓa jin an yi saƙon murya a kansa ba, shi ne cewa wannan abinci ne da wuta ba ta taɓa shi ba, alhali wuta ita ce ke kashe ƙwayoyin cuta a cikin tuwo da miya, don haka duk abin da ya hau shi daga hannu ko wuƙa ko ruwa, da ransa zai isa ciki. Dubi mai yankan kankana a bakin tasha da la'asar: ɓawon na ɗauke da ƙasar gona da taki, wuƙar ta ratsa shi ta ja dattin zuwa cikin tsoka, ya tsoma ta a bokitin da tun hantsi ruwansa bai sauya ba, ya yayyafa wa yankakkun ruwan nan don su yi sheƙi, ya karɓi kuɗi da hannun da zai ƙulla leda da shi, ƙuda kuma na sauka yana tashi. Ba mugunta ce ta sa shi ba, rashin sani ne da tsadar ruwa, amma ta irin wannan ƙofa ce taifot da amai da gudawa suke shiga. Ba mu manta da shekarar 2021 ba, wadda aka ƙidaya mutane sama da 100,000 da ake zaton kwalara ta kama a Nijeriya, fiye da 3,000 suka riga mu gidan gaskiya, kuma Jihar Sakkwato tana cikin waɗanda abin ya fi tsananta a cikinsu. Na tabbata da yawa daga cikin waɗanda suka kwanta bayan shan kankana da madara, har aka ɗora wa haɗin laifi, ƙanƙarar da aka yi da ruwan da ba a san asalinsa ba ce ta kayar da su, ko nonon da ba a tafasa ba, ko kwanon da ya yini a buɗe.

Saboda haka uwargida, idan za ki haɗa, ki sayi kankanar da ba a fasa ba, mai nauyi a hannu, wadda gefen da ta kwanta a ƙasa ya yi rawaya. In kuwa mai sayarwa ya yanke miki ɗan ƙusurwa don ki ga janta, to ki ɗauke ta a matsayin fasasshiya, a sha ta a ranar. Ki wanke bayanta tas da ruwa mai tsabta kafin wuƙa ta taɓa ta, ki wanke hannu da sabulu, kada kuma ki yanka ta a kan katakon da aka yanka nama. Madarar gari a dama ta da ruwan da aka tafasa ya huce, ƙanƙarar da ba ki amince da ita ba kuwa ki jera ta a kewayen kwanon daga waje, kada ta shiga ciki. Masana lafiyar abinci sun ƙayyade cewa yankakkiyar kankana kada ta wuce awa 2 a waje, in kuwa zafi ya haura digiri 32, kamar yadda yake a nan kusan kullum a bazara, to awa 1 ce tak. Tunda wutar lantarki ba ta da tabbas, mafi dacewa shi ne a yanka bayan la'asar sakaliya, a zuba madarar daf da kiran salla, a haɗa gwargwadon abin da iyali za su shanye a zama guda, kada a ajiye ragowa don sahur sai in firjin ya kwana da sanyinsa.