Dutsen Da Ya Ƙi Barin Makwancin Bayin Allah

A 1847 yunwa ta koro mutanen Ailan zuwa Kanada, bayan ciwo ya cinye musu dankalin Turawa. A birnin Montiriyal zazzaɓin kwarkwata ya kashe kimanin 6,000 cikinsu, aka binne su jingim a ramuka.

A 1859 leburori masu gina gadar Biktoriya, da yawansu 'yan Ailan, suka tono ƙasusuwan. Sai suka ciro ƙaton baƙin dutse daga kogi suka kafa a wurin. A 1900 kamfanin jirgin ƙasa ya ɗauke shi don yana son filin. 'Yan Ailan suka yi tsaye sai da aka mayar da shi. Daga baya kuma titin mota ya kewaye shi.

To jama'a, ashe kabarin talaka ma sai da mai tsaro.