Ɗaga kan mashin: sauƙin baya da sharuɗɗansa

Duk ranar Talata, tun da hantsi, hanyar da ta taso daga Maradun zuwa kasuwar Talatar Mafara cike take da mashina. Wani ya ɗauro buhun shinkafa daga gonakin da madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ke shayarwa. Wani ya goyo mutum biyu har da akuya. Akasarinsu Boxer ne na kamfanin Bajaj na Indiya, sai tsofaffin Jincheng nan da can. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ɗan kabu-kabu sai ya daɗe a kan hanya kafin ya haɗa kuɗin cefane, ya koma gida da ciwon baya, riƙewar wuya da sagewar yatsu.

Ba duka ciwon nan ne laifin hanya ba. Kamfani yana ƙera mashin ne daidai da matsakaicin mutum. Dogo in ya hau, dole ya ranƙwafa kafin ya kamo kan mashin, nauyin ƙirjinsa ya sauka a wuyan hannu, ya kuma ɗaga haɓa don ya ga gabansa. Jijiyar da ke ratsa wuyan hannu zuwa yatsu ba ta son matsi, balle a haɗa mata da girgizar inji wuni guda.

Maganin da wasu ke nema shi ne 'yan guntayen ƙarfe biyu, galibi na alminiyam, da ake sakawa tsakanin sandar kan da mazauninta. Bakanike zai kwance notuna huɗu, ya ɗaga sandar, ya zaunar da su, ya ɗaure da wasu notunan da suka fi na da tsawo. Sandar ƙananan mashina irin namu kaurinta milimita 22 ne, ta manya kuma takan kai 28, don haka a auna kafin a saya. Da yake ƙafar gaba a karkace take, ɗagawar tana kuma matso da kan kusa da mahayi kaɗan. Mashin roba-roba dai ba ya cikin wannan lissafi, tunda kansa a rufe yake da roba.

A ganina santimita 2 zuwa 3 sun wadatar. Boxer dama zaman miƙe ake yi masa, kuma wanda ya zauna ƙiƙam kamar turmi, duk ramin da taya ta faɗa kai tsaye zai ji shi a ƙashin baya. Ɗan sunkuyo kaɗan, da gwiwar hannu a lanƙwashe, shi ke shanye bugun. Hannu kuma kada ya kai tsayin kafaɗa. A Amurka, inda wasu ke ƙawa da dogayen kawuna, akwai jihohin da suka kayyade tsayin da doka.

Inda aka fi yin sakaci shi ne wayoyi. Wayar totur, ta kuloci da ta birkin gaba duk an yanke su ne daidai da tsayin asali, da ɗan rara kaɗan. In aka ɗaga kan fiye da rarar, waya za ta ɗame. Sai mutum ya karya kwana ya ji inji ya ɗau wuta shi kaɗai, ko birki ya kama ba a taɓa shi ba. Gwajin ba wuya: a tayar da mashin a tsaye, a juya kan har ƙarshe dama, a juya har ƙarshe hagu. Ƙarar inji ta canza? To a sake bi da wayar ta wata hanya, ko a sayo mai tsawo. A duba kuma kada sandar ta bugi tanki.

Akwai kuma batun kaya. Ɗaga kan yana mayar da nauyin mahayi baya, tayar gaba ta rage kama ƙasa. Mai ɗaura buhu biyu a baya ya riga ya sa gaban ya yi sakayau, kuma a cikin yashi ko laka ta damina zai gane bambancin.

Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a kai wa mai walda ya yanke sanda ya yi mata ƙari, ko a cusa tulin wosha a ƙarƙashi a ɗaure da tsofaffin notuna da suka kama zare biyu kacal. Wurin da aka yi walda nan ne girgiza ke fara tsagawa, kuma ba ya sallama kafin ya karye.

Kafin ma a kashe ko sisi, a ce wa bakanike: “Maigida, ɗan sassauta min notunan nan, ka juyo da kan baya kaɗan.” Sau da yawa wannan, tare da sake wa kujerar da ta lotse soso da duba shokozoba, yana raba mutum da ciwon. In bai yi ba, a sa ƙarfen, a kuma koma bayan mako guda a sake ɗaure notunan.